Lambu a Saman Gida: Darasin da Muka Koya a Bana

A littafin bana mu 'yan babban aji mun zaɓi mu yi bayani a kan lambun da muka kafa a saman gidan su wani ɗan ajinmu, har da kurakuran da muka yi, don wanda zai gwada ya huta da maimaita su.

Me ya kai mu sama?

Duk wanda aka taɓa aike cefane ya san kuɗin kayan miya ba wasa ba ne. Ga shi gidajenmu ba fili. Tsakar gida ta zama wurin girki da wanki da shanya. Bagida kuwa gari ne mai tarihi: nan Jamusawa suka ƙulla yarjejeniyarsu ta ranar 5 ga Yuli 1884, nan kuma suka fara kafa hedikwatarsu. Manyanmu sun san wurin cike da itatuwan kwakwa da lambuna. Yau gine-gine sun ci fili daga tudu, teku kuma yana ci daga gaɓa tun da aka gina tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, har ya cinye wani sashe na tsohuwar hanyar Aneho. To, da muka ɗaga kai sai muka ga rufin siminti, wanda magina ke ce wa dal, yana zaune ba ya aikin komai sai shan rana.

Ba mu muka fara wannan dabara ba. A Dakar tun 1999 ake koya wa mutane noman ganye a kan ƙananan tebura, cikin ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa, ba tare da gona ba.

Kuskurenmu na farko

Mun ɗebo ƙasa buhu-buhu muka zube ta kai tsaye a kan simintin, muka yi kunya kamar a gona. Da ruwan watan Mayu ya sauka, ƙasar ta toshe hanyar ruwa, ruwan ya kwanta, ya tsattsafo cikin ɗakin kakarsa. Wallahi ranar mun sha faɗa, saura kaɗan baban ya ce a kwashe komai. Sai da malam ya je ya ba shi haƙuri, muka yi alkawarin gyara. Ga abin da muka koya:

Na ɗaya, a nemi izinin mai gida, a kuma kira magini ya duba rufin kafin a hau da ko da bokiti ɗaya. Rufin kwano ba a yin wannan a kansa.

Na biyu, ƙasa tana da nauyi. Bokiti mai lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kai kilo 30. Bokiti 30 ke nan kilo 900, daidai da buhun siminti 18. Don haka a jera su a gefe-gefe, saitin bango da ginshiƙai, kada a tara su a tsakiyar ɗaki.

Na uku, shuka a cikin mazubi take zama: tsohon bokiti, bido da aka yanke, ko buhun shinkafa. A huda gindinsa, a ɗora shi kan bulo ko katako yadda ruwa zai wuce ta ƙasa, rufin ya bushe. Mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a ciki, a bar shi.

Haɗin ƙasa

Kuskure na biyu, mun yi amfani da yashin bakin teku don shi ne kusa. Irin ya fito, ya yi ja, ya mutu, saboda gishiri. Wani tsohon mai lambu a hanyar tashar jiragen ruwa ne ya nuna mana haɗin da ya yi mana aiki: kashi ɗaya baƙar ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya abu marar nauyi kamar ƙaiƙayi ko zaren ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sosai. Takin tumaki ko na kaji sai ya ruɓe ya daina zafi, ɗanye yana ƙone saiwa.

Me za a shuka?

A fara da ganye, shi ne ba ya ba da kunya. Alayyafo, wanda a nan muke ce wa alefu, cikin mako uku zuwa huɗu an fara tsinka. Ayoyo kuwa, wanda 'yan uwanmu na arewa ke ce wa lalo, makwabtanmu Ewe kuma ademe, yana ɗaukar mako biyar zuwa shida. Irinsa yana da taurin kai: a ɗaure shi a tsumma a tsoma cikin ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, a shanya, sannan a shuka. Ganye zurfin santimita 20 ya ishe shi. Tumatir da barkono da kuɓewa suna son santimita 30 ko fiye, da haƙurin wata biyu zuwa uku. Dukansu suna buƙatar rana ta aƙalla awa shida.

Mu na bakin teku muna da wata matsala ta daban, wato iska mai ɗauke da gishiri. Mun kafa shinge na ganyen kwakwa ta wajen teku, kuma tun daga nan ganyen ya daina ƙonewa a baki-baki.

Ruwa da lissafinsa

Lome tana da damina biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan da ke sauka a shekara yana kai milimita 800 zuwa 900. Ga lissafin da muka yi a allo: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai mita 5 a faɗi, 10 a tsawo, murabba'i 50 ke nan. A ninka da 800, an samu lita 40,000, wato bido mai lita 25 har guda 1,600. Kun ga irin ruwan da muke bari yana malalewa kwata! Ko kaɗan aka tara a durom ya rage wahala. Amma durom a rufe shi ruf, in ba haka ba an yi wa sauro gida, an sayo zazzaɓi da hannu.

Ban ruwa da sassafe bayan asuba, sai kuma da yamma in ƙasa ta bushe. A tsoma yatsa a gani kafin a zuba. Lokacin hunturu mazubi yana saurin bushewa, ba a tsallake rana. In ruwan rijiyarku yana da ɗanɗanon gishiri, kada ku ba shuka. Ƙwari kuma, mukan daka ganyen darbejiya mu jiƙa ya kwana, mu tace, mu fesa da yamma.

Abu mafi muhimmanci

Rai ya fi ganye. Rufin da ba shi da katanga a gefe, sai an yi masa kariya. Ƙananan yara ba sa hawa su kaɗai, ba a gudu, ba a wasa, kuma a kula da ƙarafan da magina suka bari a tsaye. A rabon aikinmu ba mai hawa sai su biyu.

Abin da muka samu

Ba mu ce lambun ya ɗauke cefane duka ba. Amma ran da aka yi tuwon zafi da ayoyon da muka shuka da hannunmu, kakar da muka jiƙa wa ɗaki ita ta fara sa mana albarka. Malam ya tuna mana hadisin da ke koyar da cewa wanda ya shuka abu, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, an rubuta masa sadaka. Tun daga nan muka rage jin haushin tsuntsaye.

Shawararmu ga 'yan ajin da ke biye da mu: ku fara da bokiti biyar, kada ku wuce haka sai kun ga hannunku. Mun ajiye irin alefu da na ayoyo a ofishin makaranta, mai so ya zo ya karɓa.