Darasin Lafiyar Iyali: Koya wa Yaro Haɗiyar Ƙwayar Magani

A gidaje da yawa, ranar ba yaro magani rana ce ta kokawa. Uwa ta danne shi a cinya. Yayarsa ta riƙe ƙafafu. Kaka ta toshe masa hanci. Da ya buɗe baki don ya shaƙi iska, sai a jefa ƙwayar magani, a bi ta da ruwa. Wannan ɗura ce. Ɗura kuwa tana kashe yara.

Ga dalili. A cikin wuyan mutum hanyoyi biyu ne. Ɗaya ta abinci ce, tana zuwa ciki. Ɗaya ta iska ce, tana zuwa huhu. Idan mutum ya haɗiyi abu da kansa, akwai wani ɗan murfi da yake rufe hanyar iska, sai abin ya bi hanyar abinci. Amma yaron da yake kuka yana jan numfashi, hanyar iskarsa a buɗe take. Abin da aka jefa masa yana iya faɗawa can. Hanyar iskar ƙaramin yaro ƙunci gare ta, faɗinta kamar na ƙaramin yatsansa ne. Ƙwaya guda ta isa ta toshe ta. Ko ruwan ma, idan ya shiga huhu, yana iya jawo ciwon huhu.

Ko ɗura ba ta kai ga haka ba, tana ɓata magani. Yaro ya tofar, ko ya amayar. Gobe da ya ga cokali sai ya sheƙa a guje. Uwa ta gaji, ta ajiye sauran a kwalla. Tun shekarar 2005 Nijeriya ta canza maganin zazzaɓin cizon sauro, ta koma ga wanda ake kira ACT. Wanda aka fi bayarwa, sau 2 ake shan sa a rana har kwana 3, wato sau 6 ke nan. Jiki yakan yi sanyi tun a rana ta biyu, amma cutar ba ta gama fita daga jini ba. Wanda ya sha uku ya bar uku, zazzaɓin yana iya dawo masa, har ya kai ga jijjiga ko ƙarewar jini.

Yaro ya riga ya iya

Wasu iyaye sukan ce, “Ai ɗana maƙogwaronsa ƙarami ne, ba zai iya ba.” To, a duba shi da daddare a bakin akushi. Yana yanko lomar tuwo, ya dangwali miyar kuka ko ta kuɓewa, ya haɗiye ba tauna. Lomar nan ta fi ƙwayar magani girma nesa ba kusa ba. Ashe ba ƙanƙantar maƙogwaro ke hana shi ba. Tsoro ne, da ɗaci, da tunawa da ɗurar da aka taɓa yi masa.

Saboda haka tuwo shi ne allon wannan karatu. Yawancin yara suna iya koyo daga shekara 4 zuwa 6. Wani ya kama a zama ɗaya, wani sai ya yi mako. Wanda bai kai shekara 3 ba, ba a ba shi ƙwaya guda ya haɗiya ko kaɗan. Nasa hukuncin dabam ne, yana nan tafe a ƙasa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da zazzaɓi ya kwantar, bakinsa da ɗaci, zuciyarsa tana tashi, ba zai koyi komai ba. Ana koya masa ne ranar da yake da lafiya, ya ci ya ƙoshi, ba ya jin barci.

Yadda ake yi

A samo kofi da ruwa mai tsabta, da ɗan tuwo mai laushi. A wanke hannu. A zaunar da yaro a tabarma ko kujera, bayansa a miƙe. Kada ya kwanta, kada ya kishingiɗa. A sallami ’yan kallo, domin dariyar yayye tana kashe wa yaro gwiwa.

Uwa ta fara yi da kanta yana gani. Ta mulmula tuwo kamar ƙwayar gero, ta ɗora a tsakiyar harshenta, ta kurɓi ruwa, ta haɗiye. Sannan ta buɗe baki ta ce, “Ka gani? Ya tafi. Saura kai, ɗan albarka.”

Shi kuma ya fara kurɓar ruwa zalla don maƙogwaro ya jiƙe. Daga nan ya ɗora nasa ɗan tuwon a harshe da hannunsa. Ya sha ruwa kurɓi biyu ko uku a jere, kamar mai jin ƙishirwa. Kada a ce ya ɗaga kai sama kamar kaza. Ɗaga kai da yawa yana sa haɗiya ta yi wuya. Kai ya tsaya daidai, ido yana kallon gaba.

Idan mai girman gero ya wuce sau uku, a ƙara girma ya zama kamar ƙwayar dawa. Idan wannan ya wuce, a yi kamar ƙwayar wake. Wanda ya haɗiyi mai girman wake, ya isa shan yawancin magungunan yara. Idan ya kasa a wani mataki, ba faɗa, ba zagi. A koma ga ƙaramin da ya iya, ya haɗiye shi, a yaba masa, a tashi. Gobe a ɗora. Zaman kada ya wuce minti 5 ko 10.

A nan kaka tana da amfani ƙwarai, idan ta yarda ta bar ɗura. Tsakaninta da jika akwai wasa. In ta ce, “Haba maigidana, ɗan wannan ne zai gagare ka? To, na fasa auren,” sau da yawa sai ka ga ya haɗiye don kada a raina shi.

Da tuwo ake gwaji, ko ƙwayar dafaffiyar shinkafa. Kada a yi da gyaɗa, ko aya, ko ɗanyen wake, ko alewa mai tauri. Gyaɗa tana cikin abubuwan da likitoci suka fi cirowa daga hanyar iskar yara.

Shi kafso ba shi da nauyi, yawo yake yi a saman ruwa. Don haka idan an sa shi a baki an kurɓi ruwa, sai a ɗan sunkuyar da kai a haɗiye. Idan ruwa ya kasa tafiya da ƙwaya, kunu mai kauri yakan taimaka, in malamin asibiti ya ce babu laifi.

Wannan koyo yana da rana. A makarantun firamare na garuruwan da suke kusa da dam, ko tafki, ko fadamun shinkafa, akan raba maganin tsargiya. Ƙwayarsa babba ce, ga ɗaci. Da sanda ake auna tsawon yaro a san guda nawa zai sha. Ana so ya ci abinci kafin ya sha. Yaron da ya koya a gida, nan take zai haɗiye nasa. Haka kuma yaro mai ciwon sikila ko farfaɗiya, wanda kullum sai ya sha magani. Idan ya iya haɗiya, shi ya huta, uwarsa ta huta. Ga shi ƙwaya ta fi maganin ruwa araha, ta kuma fi shi jure zafin bazara.

Na ƙanana

Yanzu akwai magungunan yara da aka yi su don su narke. Ana sa ƙwayar a cokali ko ƙaramin kofi, a zuba ruwa kaɗan ko nonon uwa, a jira ta narke. Irin su ne sinadarin zinc da ake bayarwa tare da ruwan gishiri da sukari idan yaro yana gudawa, ana sha kwana 10 zuwa 14. Irin su ne kuma maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata. Ma’aikaci yana ba da na ranar farko, uwa ta ba da na kwana biyu da suka rage.

Maganin tsutsar ciki kuwa, idan yaro bai kai shekara 3 ba, murƙushe shi ake yi tsakanin cokula biyu, a dama da ruwa kaɗan. A riƙe yaron a zaune, a ba shi kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Idan ya fashe da kuka, a dakata, a rarrashe shi tukuna.

Amma ba kowace ƙwaya ake murƙushewa ba. Wata an yi mata riga don kada ta narke sai ta wuce tumbi. Wata an yi ta don ta riƙa sakin magani sannu a hankali. Idan aka daka irin wannan, sai ta yi wa yaro ƙarfi, ko ta rasa amfani. Kafin a bar ɗakin shan magani ko kemis, a tambaya: “Malam, wannan ana iya murƙushe ta? Da me za a haɗa?” Maganin ACT na sau 6 yana son madara ko abinci mai maiƙo. Wasu magungunan kuma ba sa shiri da madara.

Idan za a haɗa da abinci, cokali ɗaya ya isa. Wanda ya zuba magani a cikin kwanon kunu, yaro ya sha rabi ya bari, to rabin magani ya sha. Zuma tana kashe ɗaci, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Idan yaro ya yi amai kafin rabin awa da shan magani, a koma wa ma’aikacin lafiya, domin yawanci sai an sake ba shi.

Kada a ruɗi yaro a ce masa magani alewa ne. Jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu suna kama da alewa, kuma idan yaro ya sha da yawa suna kisa. A ajiye magani a sama, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Idan abu ya sarƙe yaro

Idan yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin, shi ne zai fito da abin. Kada a ba shi ruwa. Kada a zura yatsa ana lalube, domin ana iya ƙara tura abin ciki. Idan kuwa ya kasa tari, ya kasa kuka, leɓensa ya fara canza launi, a kifa shi a kan cinya, kansa ya yi ƙasa. A buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5. Idan bai fito ba, kuma yaron ya wuce shekara 1, a tsaya a bayansa, a dunƙule hannu a saman cibiyarsa, a danna ciki da sama sau 5. Jariri kuwa ba a danna masa ciki. A juya shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5. A yi ta maimaitawa, wani kuma ya ruga neman abin hawa. Ko abin ya fito, a kai shi asibiti a duba shi.