Ƙaga wa Dodo Asali a Wasan Kwamfuta: Darasi daga Ƙasar Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa

Dodon tatsuniyar Hausa ba shi da asali. Gwaggo ba ta faɗin inda aka haife shi, yara kuma ba sa tambaya, domin tsoron da yake jefawa ya dogara ne kan wannan duhu. Wasan kwamfuta na duniyar ƙage kuwa ba ya yarda da haka. Tun fitowar Dungeons & Dragons a 1974, da kundin dodanninsa Monster Manual a 1977, aka saba a tanadar wa kowace halitta mazauni da abinci da lago, saboda da su ɗan wasa yake tsara dabarar yaƙi. Masu tsara wasanni a Afirka sun shiga fagen, kamar kamfanin Kiro'o Games na Kamaru da ya fitar da Aurion a 2016. Wannan maƙala ta dubi abin da ke gaban marubucin da ya kafa duniyar wasansa a ƙasar Boɗinga da Shagari.

2.0 Abin da Taska ta Tanada

Marubucin ba zai fara da hannu wofi ba. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar (1911 zuwa 1913) ya ƙunshi rubuce-rubuce da dama da Razdan Burdon ya tattara daga malaman Sakkwato, sannan akwai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Siffofin Dodo a tatsuniya kusan ɗaya ne: yana zaune a kogi ko ƙungurmin daji, yana haɗiye mutane da dabbobi, a kan farke cikinsa su fito da rai, kuma yakan ƙulla alkawari da mai neman taimako, daga baya ya zo karɓar abin da aka yi masa alkawari, ko da ɗiya ce.

Siffar ƙarshe ita ce ta fi amfani. Dodo mai bin bashi ne kafin ya zama mai cin mutane. Don haka asalin da ya dace da shi shi ne wanda zai bayyana dalilin bashin. Misali, marubuci zai iya ƙaga cewa shi ne tsohon mai tsaron fadama, wanda mutanen farko suka roƙi ruwa a wurinsa a shekarar fari, suka sha, suka manta da ladansa. Daga nan mazauninsa ya fito, fushinsa ya sami hujja, lagonsa kuma ya zama cika alkawari maimakon kaifin takobi. Fadamun yankin da madatsar ruwa ta Shagari sun isa su ba labarin ƙasar da zai taka.

3.0 Inda Ƙafa ke Zamewa

Wannan ƙasa tana da tarihi rubutacce. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin komawarsa Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Sha'awar ɗaure Dodo da waɗannan sunaye, a ce wani waliyyi ne ya rufe shi a rijiya, tana da ƙarfi, don tana ba wasa armashi cikin arha. Sai dai abin da aka ƙaga yau gobe yana intanet, jibi ɗalibi ya kwafe shi cikin kundin digiri a matsayin "imanin mutanen Boɗinga". Mai tatsuniya yana da ƙurunƙus da zai rufe ƙaryarsa da ita. Shafin intanet ba shi da ita.

Haka batun iskokin bori. Inna da Sarkin Rafi suna da zuriya da birninsu, Jangare, kuma har yanzu akwai masu hulɗa da su da masu ƙyamarsu bisa addini, saboda haka aro daga gare su ba ɗaya ba ne da aro daga Gizo ko Ƙoƙi. Ya kamata marubuci ya raɗa wa garuruwan wasansa sunayen ƙage, kuma kundin halittun ya rarrabe a fili tsakanin siffar da aka ɗauko daga tatsuniya da wadda shi ya ƙara.