Burga Da Lissafi: Darasi Daga Rayuwar Wani Gwanin Karta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu dara a gindin bishiya a Birnin Kebbi ya san cewa rabin wasan a fuska ake yin sa. Gwani yakan ɗaure fuska alhali ya shiga uku, don abokin karawarsa ya tsorata. Wannan shi ake kira burga. A wannan maƙala za mu duba yadda wani ɗan wasan karta ya mai da burga lissafi, da abin da hakan ke koya mana game da dabbobi. Ba caca muke tallatawa ba, domin haramcinta da ɓarnarta sanannu ne.

Tarihinsa

An haifi Chris Ferguson a Los Anjalas ta Amurka a 1963. Mahaifinsa malamin lissafi ne a Jami'ar Kalifoniya da ke birnin, inda shi ma ya sami digirin digirgir kan ilimin kwamfuta a 1999. A 2000 ya lashe babbar gasar duniya ta poka a Las Begas, ya karɓi dala miliyan ɗaya da rabi. Poka wasan karta ne da kowa ke ɓoye katinsa yana zuba kuɗi. Abokin karawa ko dai ya biya a buɗe kati, ko ya janye ya bar abin da ke tsakiya.

A 2011 gwamnatin Amurka ta tuhumi kamfanin Full Tilt Poker, wanda yana cikin shugabanninsa, da cinye kuɗin 'yan wasa. Sunansa ya ɓaci, bai koma gasar ba sai 2016.

Salon Wasansa

An san Ferguson da baƙar malfa da baƙin tabarau, da zama ƙyam ba motsi, don kada jikinsa ya tona asirin katinsa. Amma ainihin makaminsa shi ne nazarin dabarun wasa, fannin da John von Neumann da Oskar Morgenstern suka kafa da littafinsu na 1944.

Ga misali. A ce akwai 100 a tsakiya, ɗan wasa ya zuba wani 100. Abokin karawarsa zai sa 100 ne don neman 200, saboda haka in ya kama burga sau ɗaya cikin uku, bai ci ba, ba a ci shi ba. Ke nan wanda ke burga sau ɗaya cikin kowane zubi uku, ba tare da tsarin da za a gane ba, ya toshe wa abokinsa kowace ƙofa. In ya yawaita, za a riƙa kama shi. In kuma bai taɓa yi ba, da ya zuba kowa zai janye.

A Duniyar Dabbobi

A 1973 John Maynard Smith da George Price suka shigo da wannan lissafi cikin nazarin faɗan dabbobi. Akwai wani jatan lande na teku mai mugun naushi, wanda idan ya yi saɓa jikinsa yakan yi laushi, ba ya iya faɗa. Duk da haka yakan buɗe hannuwa yana kurari, kuma sau da yawa mai neman ƙwace raminsa yakan ja da baya. Burgar tana ci ne domin galibin masu wannan kurari lafiyarsu lau.

Akwai kuma alamar da ke da wuyar jabu. A 1978 Nick Davies da Tim Halliday suka nuna a Ingila cewa namijin kwaɗo yana auna girman kishiyarsa daga kaurin murya, ƙarami kuwa ba ya iya kukan babba.

Kammalawa

Ƙarya tana rayuwa ne a inuwar gaskiya. Da zarar ta yi yawa sai ta kashe kanta. Muna shawartar ɗalibai, in damina ta sauka, su fita fadamar Rima wajen Argungu da almuru, su saurari kwaɗi, su kuma lura da jan gwada yana gyaɗa kai a kan katanga. Sai su tambayi kansu: wace alama ce ke da tsada, wace ce kowa zai iya yi?