Kaushin fuskar ƙarfe: dalilin da ya sa silinda mai sheƙi take shan baƙin mai

Duk wanda ya taɓa leƙa garejin gyaran babura ko injinan ban ruwa a Isa, Sabon Birni ko Bafarawa ya san wannan matsalar. A canza fistin, a saka sabbin zobba, amma bayan mako biyu inji ya koma fitar da shuɗin hayaƙi yana shanye baƙin mai. Galibi akan ɗora laifin kan jabun kaya. Wani lokacin haka ne, amma sau da yawa matsalar tana jikin bangon silinda, a wani ƙanƙanin mataki da ido ba ya iya gani.

Babu ƙarfen da yake sumul gaba ɗaya. Idan aka ƙara girmansa sosai, za a ga fuskarsa kamar gonar da aka yi wa huɗa, ga tudu ga kwari. Ana auna wannan kaushin da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin mutum bai fi maikiron 50 zuwa 100 ba, alhali baƙin man da ke raba zobe da bangon silinda yakan sirance har ya gaza maikiron 1 idan fistin ya kai ƙololuwa. Ke nan tudun da ya kai maikiron 2 zai huda man, ƙarfe ya gogi ƙarfe.

Na'urar awon ana kiranta furofilomita. Tana da allura mai bakin daimon, ana jan ta a hankali tsawon 'yan milimitoci, tana hawa tana sauka, na'urar kuma tana mayar da motsin zuwa lambobi. Kamfanin Taylor Hobson na birnin Lesta a Ingila ya fito da shahararriyar irinta, Talysurf, a farkon shekarun 1940. Na zamani wasu ba sa taɓa ƙarfen ma, da haske suke awo.

Lambar da aka fi ji ita ce Ra, wato matsakaicin nisan tudu da kwari daga layin tsakiya. Ƙarfen da aka fiƙe a injin juyi yakan ba da Ra tsakanin 1.6 da 3.2, wanda aka wasa da dutse kuma yakan sauko 0.4 zuwa 0.8.

Sai dai Ra tana da babban aibi: ba ta bambance tudu da rami. A ɗauki fili mai tsinin duwatsu, a kifa shi ya zama shimfiɗaɗɗen fili mai ramuka, lissafin Ra zai fito iri ɗaya, amma a cikin inji na farkon zai cinye zobe, na biyun kuma zai riƙe mai. Tun a 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Abbott da Firestone, suka fito da zanen da ke nuna yawan ƙarfen da zai ɗauki nauyi a kowane zurfi. Daga nan aka samo lambobi uku da masu ƙera injina ke dubawa: Rpk don tsinin da zai goge da wuri, Rk don gangar jikin da za ta ɗauki aiki, da Rvk don kwarin da ke ajiye mai. Wanda ya duba Ra kaɗai ya yanke hukunci, rabin labari ya ji.

Shi ya sa bayan an faɗaɗa silinda ake goge ta da duwatsu masu juyawa suna hawa da sauka, su bar zane mai gilma juna da kusurwa wajen digiri 45, sannan a bi da dutse mai laushi a share tsinin a bar kwarin. Silindar da ta tsufa har tana sheƙi kamar madubi ta rasa waɗannan kwaruruwan. Sabon zobe ba zai zauna daram a kanta ba, mai ya riƙa wucewa sama yana ƙonewa.

Sil ɗin famfon injin ban ruwa kuwa akasin haka yake buƙata. Fuskokinsa biyu, ɗaya ta gawayi ɗaya ta tangaran, ana daidaita su ne har bambancin shimfiɗarsu ya gaza maikiron 1. Goga masa samfefa kashe shi ne, haka ma tayar da injin ba ruwa a ciki. Ga manomin albasa ko alkama a fadamun Gulbin Rima, wanda zuwa Sakkwato neman kayan gyara ba ƙaramin aiki ba ne a halin da hanyoyi suke ciki, yoyon sil na kwana uku yana iya taɓa amfanin gona.

Babban abokin gabar duka biyun shi ne yashi. Ƙwayarsa tana da ƙarfi 7 a ma'aunin Mohs, ta fi yawancin ƙarafa da gilashin waya tauri, shi ya sa goge fuskar waya da gefen riga lokacin hunturu ke barin ƙananan zane. Babur da aka cire wa matatar iska wai don ya ƙara gudu, abin da ke faruwa cikin silindarsa ke nan.

Wayar hannu ba ta auna Ra, kuma duk manhajar da ta yi iƙirarin haka daga hoto ɗaya abar tuhuma ce, domin hoto ba ya nuna zurfi. Amma tocilan ɗin waya da aka haska daga gefe, tare da kyamarar ɗaukar abu na kusa, suna isa a gane ko zanen gilmar yana nan. Idan ya ɓace, ko aka ga layuka a miƙe daga sama zuwa ƙasa da farce ke maƙalewa a cikinsu, silindar tana buƙatar gyara kafin a kashe kuɗi kan sabbin zobba.