Ma'anar "Shilly-shally"

'Yan'uwana, ga wata kalmar Ingilishi da na saya da tsada. "Shilly-shally" ita ce inda-inda, watau mutum ya kasa tsai da shawara. Asalinta tambaya ce, "Shall I?", watau "In yi?" Tun wajen 1700 mutanen Ingila suka riɓa ta, kamar yadda mu ke cewa wasu-wasi. A kan faɗe ta cikin hira don tsawatarwa, amma ban da wasiƙar neman aiki.

Ni dai a tashar Suleja na san ta. Na tsaya, in shiga motar Minna in kai takarduna na neman kwaleji, ko in bari sai gobe? Mota ta tashi, ran nan aka rufe karɓa, na yi hasarar shekara guda. Taura biyu ba ta taunuwa.