Darasi: Tassa, dabarar da aka koyo a Yatenga

A shekarar 1989, manoma 13 na ƙasar Illela, cikin jahar Tawa, sun kai ziyara Yatenga, ƙasar Mosawa, a Burkina Faso. Can suka tarar ana noma fako, inda ko ciyawa ba ta fita.

Ga yadda Mosawa suke yi. Tun da rani manomi ke gina ramu, faɗin kowane kamar taƙi guda. Ƙasar da ya fidda, sai ya tara ta wajen gangare don ta tare ruwa. Sa'annan ya zuba taki cikin ramin. Gara na zuwa cin taki, tana huda ƙasa, ruwa kuma ya samu hanyar shiga. Su suna ce ma wannan aiki zayi. A Hausa sunansa tassa.

Da baƙin suka komo gida, wasu suka gwada. Damanar 1990 ruwa ya yi ƙaranci, amma gonakin tassa sun ba da hatsi. Maƙwabta suka gani, suka kwaikwaya.

Daga nan sana'a ta fito. Samari suka riƙa gina tassa ana biyansu. Wasu mutane suka sayi fako da araha, suka maida shi gona. Taki ma ya yi daraja.

Tafiya mabuɗin ilimi. Mai zuwa cin rani ya buɗe ido, ya yi tambaya.

Tambayoyi:
1. Mene ne amfanin gara cikin tassa?
2. Wace sana'a aka koyo daga baƙi a garinku?