Bayan Aikin Gyaran Bugun Zuciya

Zuciya tana da wutar lantarki tata, wadda ke tsara bugunta. Idan wutar ta rikice, sai bugun ya yi sauri ko ya riƙa tsalle. Wani lokaci magani ba ya isa. Sai likita ya zura siririyar roba ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, ya ƙona ɗan wurin da ke kawo rikicin, ko ya daskarar da shi.

Wannan aikin na manyan asibitoci ne, wasu ma har Masar ko Indiya suke zuwa. Yawanci ana samun sauƙi. Amma idan matsala za ta biyo baya, sau da yawa sai an dawo gida take bayyana, a Ruma ko Batsari ko Safana, nesa da likitan da ya yi aikin.

A kwanakin farko, a lura da matsematsi. Idan jini ya ɓalle, a kwantar da mara lafiya, a danne wurin da ƙarfi, a nemi mota. Idan wurin ya kumbura, kada a kai wa wanzami. Ba ƙaho, ba sakiya, domin sau da yawa mutumin yana shan maganin hana jini daskarewa. Jiri da suma da haki na iya nuna jini ya taru a jakar da ke kewaye da zuciya. Karkacewar baki ko mutuwar hannu kuwa alamar shanyewar ɓarin jiki ce.

Matsala mafi haɗari ita ce wadda ke zuwa a makare. Hanyar abinci tana bayan zuciya daf da ita, zafin ƙunar yana iya huda ta. Ba kasafai ake ganin haka ba, amma yana kisa. Yakan bayyana daga mako 1 har zuwa wata 2, da zazzaɓi da ciwon ƙirji da wahalar haɗiya. A nan ne mutanenmu ke ruɗuwa, su ce zazzaɓin cizon sauro ne, su aika yaro kemis. Kwana ɗaya da aka ɓata haka yana iya cin rai.

Mun san halin da hanyoyinmu ke ciki da dare. Mai hali ya ɗan zauna wurin 'yan'uwa a Katsina, kusa da Asibitin Koyarwa na Tarayya, kafin ya koma ƙauye. Takardar sallama ta zauna a aljihu. Duk asibitin da aka shiga, tun kafin a tambaya, ku ce: "An yi masa aikin zuciya, ga takardar."